Kafin Ka Ce Wa Yaro Ya Tara Kuɗi Ya Sayi Babbar Kyamara

Makon jiya, bayan an shafa fatihar wani ɗaurin aure a cikin gari, na tsaya a bakin zaure ina jiran jama'a su ragu. Kusa da ni akwai wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba, rataye da kyamara ƙirar Nikon D3200 wadda da gani ta sha hannu. Ya matsa wurin wani babban mai hoto, ya rusuna, ya nuna masa abin da ya ɗauka.

"Oga, don Allah duba mini. In cikin zauren ya fito, sai ƙofa ta yi fari fat. In ƙofa ta fito, sai ciki ya yi baƙi ƙirin. Me nake yi ba daidai ba?"

Ogan ko karɓar kyamarar bai yi ba. Ya ce, "Ƙanena, ai wannan ba kyamarar aiki ba ce. Ka tara kuɗi ka sayi babba."

Yaron ya ce to, ya yi godiya, ya koma gefe. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a maƙogwaro har yau.

Abin da ogan ya faɗa ba daidai ba ne, kuma yana da illa. Babbar kyamarar da yake nufi, in an shiga da ita wannan zauren da tsakar rana, ita ma haka za ta yi, sai dai da ɗan dama-dama. Maganin matsalar yana hannun yaron tun da farko: ya ɗauki wuri ɗaya sau uku ko sau biyar, kowane da nasa haske, ya haɗa su su zama hoto guda. Wannan shi ne abin da ake kira HDR. Ba ya buƙatar sabuwar kyamara, minti goma na bayani kawai yake buƙata, kuma minti goman nan ne manyanmu a wannan sana'a suke rowarsa.

Abin da ke faruwa a zauren

Hasken da ke tsakar gida da rana tsaka zai iya ninka na lungun zaure sau dubu. Idon mutum ba ya jin wannan tazarar, domin yana daidaita kansa duk inda ya juya. Ka kalli ƙofa, ƙwayar ido ta tsuke. Ka kalli azara, ta buɗe. Ƙwaƙwalwa ta haɗa maka su, kai kuma ka ɗauka duk a lokaci guda ka gani.

Kyamara ba ta da wannan gatan. Ƙiftawa ɗaya take yi, da ma'auni ɗaya. Abin da ya fi ƙarfin ma'aunin ta sama ya ƙone ya zama fari, abin da ya gaza ta ƙasa ya nutse a duhu.

Masu hoto suna auna haske da mataki-mataki. Kowane mataki ninki biyu ne. Mataki goma kenan ninki 1,024. In wuri ya fi ƙarfin ƙiftawa ɗaya, sai a raba shi: hoto ɗaya domin ƙofa, ɗaya domin bango, ɗaya domin rufin ciki. Shi ke nan dabarar.

Kuma tsohuwa ce. A shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya rasa yadda zai kama teku da sama a hoto ɗaya, sai ya riƙa ɗaukar kowanne daban yana haɗa su wajen wanki. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da lissafin da kwamfuta za ta bi ta yi wannan haɗin. A 2005 aka saka shi cikin Photoshop, manhajar gyaran hoto. Wato tun kafin a ƙera kyamarar da ke wuyan yaron nan, wadda ta fito a 2012, an riga an warware matsalarsa.

"Ai ƙaramar kyamara ba ta da wannan maɓallin"

Wannan shi ne abin da za a fara jefo mini, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙananan kyamarorin Nikon, daga D3100 har D3500, ba su da tsarin da ke ɗaukar hoto uku da kansa a haske daban-daban, wanda ake kira AEB. Ƙananan Canon irin su 1300D, 2000D da 4000D suna da shi: hoto uku, har mataki biyu sama da mataki biyu ƙasa.

To amma me maɓallin yake yi? Sauya saurin ƙiftawa kawai. Abin da babban yatsa zai yi ne.

Ga yadda yaron zai yi da D3200 ɗinsa. Ya juya ta zuwa M, wato inda mutum ke saita komai da hannunsa. Ya sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, buɗin ido, wato faɗin kafar da haske ke shiga, a f/8, kuma kada ya sake taɓa su. Ya saita gani a kan bango, ya kashe saitin da kyamara ke yi da kanta, don kada ta sauya ra'ayi tsakanin hoto da hoto. Sannan ya fara da ƙofa: a rana mai ƙarfi, wajen 1/500 na daƙiƙa zai kama tsakar gida ba tare da ƙonewa ba. Ya murza dabaran baya sau shida, domin kowane murzi sulusin mataki ne, ya sauka 1/125, ya ɗauka. Ya ƙara shida, 1/30. Ya ƙara, 1/8. Ya ƙara, rabin daƙiƙa. Hoto biyar, tazarar mataki takwas tsakanin na farko da na ƙarshe. A na ƙarshen nan zai ga azara ɗaya bayan ɗaya, har da yanar gizo-gizon da ke jikinsu.

Abu ɗaya da za a kiyaye: saurin ƙiftawa ake sauyawa, ban da buɗin ido. In ka taɓa buɗin ido, abin da ya fito tangaran a wannan hoton zai yi dishi-dishi a wancan, haɗin ya lalace.

Duk wannan bai kai minti ɗaya ba in hannu ya saba. A kan minti ɗaya ne za a ce wa yaro ya je ya nemo kuɗin da ko a shekara ba zai tara ba?

Akwai kuma abin da masu sayar da kyamara ba sa son faɗi. D3200 tana da megafiksel 24, wato ɗigo miliyan 24 ne ke haɗuwa su zama hotonta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin abin da kake biya a babbar kyamara shi ne saurin kama abu mai motsi, ƙarfin jiki, juriyar ƙura da ruwa, gani a duhu, da yawan maɓallai. Duk abubuwa ne masu amfani ga wanda ke bin 'yan ƙwallo ko dawakin hawan salla. Zaure kuwa ba ya gudu.

"Waya ma tana yi, to mene ne na wahala?"

Tana yi. Apple ya saka HDR a iPhone tun 2010, Google ya biyo da nasa a wayoyin Nexus, yau kuwa har wayar da ba ta da tsada tana yi ba tare da ta tambaye ka ba. Wannan ne ma ya sa yaran da suka sayi kyamara suke karaya. Yaro ya ɗauki hoto da kyamarar da ya sha wuya kafin ya mallaka, ƙanwarsa ta ɗauka da waya, nata ya fi kyau a ido. Sai ya yanke hukuncin cewa an cuce shi a kasuwa.

Ba a cuce shi ba. Wayar ta ɗauki hotuna da yawa a asirce ta haɗa, kyamarar kuma ta ba shi ɗaya tak, ta bar masa sauran aikin.

In hoton na sakawa a WhatsApp ne a wuce wurin, a yi da waya, ba ni da ja. Amma wayar ita ke yanke hukuncin yadda inuwa za ta kasance, yadda sama za ta yi shuɗi, yadda fatar mutum za ta fito. Ka faɗaɗa hoton bangon ƙasa da aka ɗauka da waya a wuri mai duhu, sau da yawa za ka ga ta shafe ƙwayar makuba da sawun hannun magini, ta mai da bango sumul kamar an shafa man shanu. Wanda yake son ya buga hoto babba a rataye, ko ya ajiye shi domin tarihi, yana buƙatar hukuncin ya kasance a hannunsa.

"Ina ƙafar kyamara, ina kwamfuta, ina wuta?"

Wannan ƙorafin ya fi sauran nauyi, domin daga rayuwa ya fito.

Ƙafar kyamara tana da amfani, amma ba dole ba ce. Abin da ake so kyamara ta zauna wuri ɗaya. Turmi a kife yana yi. Kujera 'yar tsugunne tana yi. Dakali yana yi. Ka cika tsohuwar safa da shinkafa ko gero ka ɗaure bakin, ka ɗora kyamara a kai, za ta zauna daram duk yadda ka karkata ta. Ka sa agogon jinkiri na daƙiƙa biyu don kada danna maɓalli ya girgiza ta. Ɗan motsin da ya rage, manhajar haɗi tana daidaita shi.

Manhaja kuma ba sai ta kuɗi ba. Lightroom yana haɗa HDR tun 2015, amma biya ake yi. Akwai darktable, akwai Luminance HDR, akwai Hugin, duk kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfutar cinya tana ɗaukarsu, ko da za ta yi nawa.

Wuta kuwa, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, matsala ce. Amma duk mai hoton biki yana da inda yake zuwa ya tace aikinsa, ko shagon wani, ko na ogansa. Wanda ya iya zama ya tace hoton amarya ɗari biyu zai iya ware minti biyar ya haɗa hoto biyar.

Kuma akwai abin da ya fi duk wannan sauƙi, wanda nake mamakin yadda ba a koya wa yara: RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta kama shi kafin ta tace ta matse shi ya zama JPEG, irin hoton da aka saba da shi. Hoton JPEG yana riƙe da matakan haske 256 a kowane launi. RAW na ƙananan Nikon yana riƙe da 4,096, na Canon 16,384. Yaro yana yawo da kyamara shekara biyu a kan JPEG, domin wani ya ce masa RAW yana cinye katin ajiya. E, yana ci. Amma a wurare da yawa RAW ɗaya da aka ɗauka da lura, aka kare farin daga ƙonewa, aka ɗago inuwa a kwamfuta, ya wadatar, ba sai an kai ga haɗa biyar ba.

"Haɗe-haɗe ai ƙarya ne"

A nan nake so in daɗe, domin masu wannan maganar ba wawaye ba ne.

A watan Janairun 2012 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga hoton wata gada a birnin Washinton wanda aka yi da HDR, ta kuma rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗi ne na hotuna da dama. Duk da haka aka yi ta ce-ce-ku-ce a tsakanin masu hoton jarida. Hujjar masu suka ita ce hoton labari shaida ne na lokaci guda, kuma in ka haɗa lokuta biyar, ka fita daga shaida.

Na yarda da su a kan hoton labari. In gobara ta tashi a kasuwa, ko ana ƙirga ƙuri'a, ko an yi hatsari, ɗan jarida ya ba mu ƙiftawa ɗaya, mu san abin da ke cikinta ya faru tare. A zamanin da hotunan bogi suka cika waya, wannan iyaka ce da ya kamata a tsare.

Amma zauren fa? Na tsaya a cikinsa. Na ga ƙofa, na ga yara a tsakar gida, na ga tabarma, na ga rufi. Hoton da yaron ya nuna wa ogansa ya ce rabin zauren ramin duhu ne. Wanne ne ya fi kusa da abin da idona ya shaida, wancan ko wanda aka haɗa?

Ƙarya a hoto ita ce ka sa abin da babu, ko ka cire abin da ke akwai. Ka ɗauko gajimaren damina ka liƙa a saman hoton rani, wannan ƙarya ce. Ka goge wayar lantarki daga gaban masallaci ka ce haka wurin yake, ƙarya ce. Ka ɗauki bango ɗaya sau biyar cikin minti ɗaya domin kyamararka ta gaza ganin abin da kai ka gani, wannan cike giɓin na'ura ne. In za a nuna shi a inda ake neman shaida, a faɗa cewa haɗi ne, shi ke nan.

Kuma mu baƙar fata ya kamata mu fi kowa sanin cewa abin da kyamara ta fitar da kanta ba wahayi ba ne. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. An daɗe ana auna kyawun hoto da farar fata. Sai a 2021 Google ya fito yana tallar cewa wayarsa Pixel 6 an gyara ta domin ta kama duhun fata daidai. Na'ura mutane ne suka saita ta, da irin fuskar da suka sa a gaba.

Ka duba abin da ke faruwa a kowane ɗaurin aure a ƙasar nan. Ango baƙi, babbar riga fara sol ta shadda mai sheƙi, rana a tsaka. Ma'aunin kyamara yana ƙoƙarin mai da duk abin da ya gani ruwan toka. Ya ga farin ya yi yawa, sai ya rage haske, fuskar ango ta nutse. Mai hoto ya ƙara haske don fuska ta fito, aikin wuyan rigar da aka biya maɗinki kuɗi mai yawa a kai ya ƙone ya ɓace. Wannan matsalar tazarar haske ce, irin ta zaure sak. Mu muka fi kowa fama da ita, mu ne kuma muka fi kowa ƙarancin koyar da ita.

Inda nake tare da masu suka

Sai dai ga ango, HDR na hoto biyar ba shi ne magani ba. Mutum yana motsi. Ya ƙifta, ya juya, iska ta kaɗa riga, haɗin ya fito da hannu biyu a wuri ɗaya kamar fatalwa. Haka dawakin hawan daushe, haka taron kasuwa, haka ganyen darbejiya in ana iska. Ga mutum, ka ja shi inuwa, ka juya shi ya fuskanci inda haske ke shigowa, ka ɗauka a RAW, ko ka ba fuskar ɗan filas, ko wani ya riƙe maka farin kwali ya maido haske. Duk wanda ya ce maka HDR na kowane hoto ne, bai yi aikin ba.

Abu na biyu, akwai HDR mai muni, kuma shi ya ɓata wa dabarar suna. Kowa ya taɓa ganinsa: sama ta yi baƙi kamar hadarin ƙarshen duniya, wani farin zobe ya kewaye gini, bango ya yi kamar an zuba masa toka da manja, babu inuwa ko ɗaya. Wannan yana fitowa ne in mutum ya ja ma'aunan manhaja har ƙarshe don ya burge. Zaure wuri ne mai duhu da sanyi, shi ya sa ake zama a cikinsa. In ka haska shi ya yi daidai da tsakar gida, ka kashe abin da ya sa ya zama zaure. Inuwa ta zauna a inuwa, a dai ga abin da ke cikinta. In mai kallo ya fara cewa "wannan HDR ne" kafin ya ce "wannan zauren gidan wane ne", an wuce gona da iri.

A lokacin hunturu ma, in hazo ya rufe rana, tazarar hasken waje tana raguwa sosai, sau da yawa hoto ɗaya ya isa.

Abin da ya sa na damu

Wani zai ce duk wannan surutun a kan hoton zaure ɗaya?

Gine-ginenmu na ƙasa kyawunsu a ciki yake. Bakan gizo da ɗaurin guga na rufin soro, jerin azara, zanen da magini ya yi da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 ya yi suna ne saboda cikinsa. Haka ɗakunan Gidan Makama a Kano, haka tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, haka na Agadas da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Dukkansu fasali ɗaya ne: kauri, duhu, da 'yar taga ko ƙofa da rana ke kwararowa ta ciki. Irin wurin da ƙiftawa ɗaya ba ta iya kamawa kenan.

Waɗancan sanannu ne, suna da masu zuwa ɗaukarsu. Waɗanda nake ji su ne na unguwa, waɗanda ba su da suna a littafi. Kowace damina wani soro yana zubewa. Kowace shekara magada suna rushe wani su sa bulo da kwano, kuma ba na ganin laifinsu, gyaran ginin ƙasa yana cin kuɗi da ƙarfi. Baƙo mai babbar kyamara ba zai san da su ba, in ma ya sani ba za a bar shi ya wuce zauren farko ba. Wanda zai shiga har soron ciki, ya gaida tsohuwa, ta ce masa "shigo ɗan nan, ɗauki abinka", shi ne yaron unguwa mai kyamara ta hannu.

Shi ne kuma aka ce wa kyamararsa ba ta aiki ba ce.

Na bi shi kafin ya tafi. Muka koma cikin zauren, muka aro kujera, muka ɗora kyamarar a kan hularsa da ya naɗe. Na nuna masa murzi shida-shida. Ya ɗauki biyar, yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, da ya kai na ƙarshe sai ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya sake kallon kyamarar.

"Baba, ashe akwai zane a saman nan?"

Akwai. Maigidan ya ce mana kakansa ne ya sa aka yi, kuma bayan salla za a sauke rufin a sa kwano, domin azara biyu sun riga sun ruɓe.